Bin sawun Clara Pope a Landan

A ƙarshen watan Fabrairu na je Landan, sanyi bai gama sakin gari ba. Ina gama uzurin da ya kai ni, sai na ware lokaci don bin sawun wata mai zane da ta daɗe tana raina, wato Clara Maria Pope, wadda ta rasu a 1838. Ko a Ingila ba kowa ya san sunanta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mutane da yawa sun san fuskarta ba su san aikin hannunta ba, domin mijinta na fari, Francis Wheatley, ya riƙa zana ta a cikin shahararrun hotunansa na 'yan tallar titunan Landan.

Na fara da gidan tarihi na Victoria da Albert a unguwar Kensington, don in ga irin sana'ar da ta fara da ita: zanen fuskar mutum ɗan ƙarami, wanda bai kai tafin hannu ba. Ɗakin da aka ajiye su ba shi da haske sosai, saboda haske yana kashe launin. Sai da na kusan manna goshina da gilashi kafin na gane yadda ake yi. A zamaninta a kan siririn yankin hauren giwa ake zanen, da fenti na ruwa. Haure kuwa ba ya shan ruwa kamar takarda, don haka ba a shafa launi, ɗiga shi ake yi da bakin burushi, ɗigo bayan ɗigo, har kumatu su fito. Wani wurin ma a bar hauren haka nan, farinsa ya zama hasken fata. Irin wannan hoton ne matar soja ko ta matuƙin jirgin ruwa kan rataya a wuya idan miji ya yi nisa. Na daɗe a gaban hoton wani dattijo ina duban gashin girarsa, kowane sili daban. Mai gaggawa ba zai ci abinci da wannan sana'a ba.

Ita kuwa Clara da ita ta ci abinci. Wheatley ya rasu a 1801 bayan doguwar jinya, ya bar ta da bashi da 'ya'ya. Tun 1796 take kai zanenta baje kolin Royal Academy, babbar cibiyar masu zane ta Landan, kuma da burushin ta riƙe gida. A 1807 ta auri Alexander Pope, ɗan wasan kwaikwayo, wanda da sunansa aka san ta har yau.

Daga can na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Holborn, gidan Sir John Soane, masanin gine-gine, wanda yanzu gidan tarihi ne. Shiga kyauta ne, amma gidan cunkushe yake da gumaka da hotuna, har da akwatin gawar Fir'auna Seti na ɗaya a ƙasa, ga lunguna matsattsu, sai mutum ya bi a hankali. An bar shi yadda mai shi ya bar shi a 1837. A cikin tarin kayansa akwai zanen da Clara ta yi na gunkin Shakespeare kewaye da furannin da ya ambata a rubuce-rubucensa. Na ji daɗi da na san cewa mutum mai ido irin Soane ya ga darajar aikinta tun tana raye.

Inda tafiyar ta fi shiga raina shi ne Chiswick, a yammacin birnin. Akwai dogon ɗakin gilashi da aka gina a 1813, cike da tsofaffin itatuwan kameliya, kuma daidai wannan lokacin suke fure. Kameliya daga Sin da Japan aka kawo ta, 'yar'uwar itacen da ake samun ganyen shayi ce. Da ta shigo Ingila masu kuɗi sun yi rububinta, shi ya sa Samuel Curtis, mai gonar furanni, ya fitar da babban littafi a kanta a 1819, Clara ce ta zana hotunan. Na sha kallon kwafin hotunan nan, amma sai da na tsaya gaban furen na gaske na san abin da ta yi. Ganyen kore ne shar, mai kauri, yana sheƙi sai ka ce an goge shi da man shanu. Furen fari kuma ba fari ɗaya ba ne: can ciki akwai ɗan rawaya, a gefe akwai inuwa mai toka-toka, wani ya fara tsatsa a baki saboda sanyi. Duk wannan yana cikin zanenta. Hannun da ya saba fitar da hasken kumatu a kan haure shi ne ya iya raba fari da fari, kuma ina ganin da ba ta sha wahalar zanen fuska ba, da furanninta ba su kai haka ba.

Ba ta daina aiki ba har shekarar da ta rasu, ranar 24 ga Disamba 1838. A shekara ta gaba aka sanar da hanyar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faransa, kuma cikin 'yan shekaru kyamara ta ƙwace kasuwar masu ƙananan hotunan fuska. Zanen tsirrai dai bai mutu ba. A lambun Kew, da ke tsallaken kogin Thames ba nisa da Chiswick, har yanzu masana suna ba masu zane aiki idan za a bayyana sabon tsiro, domin mai zane yana iya nuna fure da iri da saiwa a shafi guda. Can na nufa da na fito, kafin a rufe ƙofa.