Ciwon wuya bayan an bugo ka ta baya

Idan mota ta daki kabu-kabu ta baya, kai yakan fizgu baya ya dawo gaba, jijiyoyin wuya su ɗame. Sau da yawa ciwon sai washegari yake bayyana.

Hannu ya yi sanyi ko yana mutuwa, ko ƙashin tsakiyar wuya na zafi in an danna? Kada a motsa wuyan, kada a kai wa mai ɗori ya murɗa. A nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a ɗauki hoto, domin karaya na iya taɓa laka.

In ba karaya: farasitamol giram 1 duk awa 6 ga babba, ƙanƙara cikin tsumma minti 15. A riƙa juya wuya a hankali; daɗewa da abin ɗaure wuya sandarar da shi yake yi.