Kambas Ɗina a Ƙofar Masallaci

Sau uku na fara motsa jiki, sau biyu na watsar. Na farko azumi ne ya shigo, na ce sai bayan salla, daga nan ban ƙara waiwaya ba. Na biyu na biya kuɗin wata uku a wani gidan motsa jiki, ruwan Agusta ya sauko, zuwa ya gagara. Na ukun ne nake kai har yau, kuma shekara uku ke nan.

Sana'ata zama ce. A kasuwar Kantin Kwari ta Kano nake, daga hantsi har bayan la'asar ina kan benci, yara ne ke ɗauko dila su sauke. Ranar da aka yi mini awon hawan jini aka ga 150 bisa 95, likita ya ce in dawo a sake. Aka sake, bai sauka ba. Ya rubuta mini magani, sannan ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara huɗu, ni nake juya shi a shimfiɗa. Don haka na fito daga asibitin nan a tsorace. Amma tsoro yana hucewa. Wata biyu ya riƙe ni, da jiki ya yi daɗi sai na fara lissafin fashi.

Abin da ya riƙe ni na gaske abu biyu ne, kuma duk a masallacin unguwarmu na same su. Na lura duk ranar da na koma gida bayan Asuba da niyyar sauya kaya, ba na fitowa. Sai na fara tafiya salla da wandon atisaye a ƙarƙashin jallabiya, kambas a leda, in ajiye a bakin ƙofa. Ana shafa addu'a in ɗaura, in kama hanya. Asuba dai ba a fashinta, to duk abin da ka ɗaura a jikinta shi ma ya samu gindin zama.

Na biyun wani dattijo ne maƙwabcinmu da ya yi ritaya, Baba muke ce masa. Ya daɗe yana tattaki shi kaɗai. Daga Ƙofar Na'isa muke bin titin BUK (Jami'ar Bayero), gefen ganuwa, mu kai Ƙofar Gadon Ƙaya mu juyo. Ranar Asabar idan da hali mu hau Dutsen Dala.

Hunturu ya fi kowane lokaci gwada mutum. Akwai wata safiya a Janairu, hazo ya rufe gari har fitilar adaidaita sahu ba ka hangowa sai ta matso. Na yi salla a gida na koma cikin bargo. Can sai ga sallama a zaure. Baba ne, da hular sanyi har kunne, hannuwa a hammata, leɓensa duk ya tsage.

“Ɗana, lafiya dai? Ban gan ka a sahu ba.”

“Lafiya lau, Baba. Sanyin ne.”

“To ai ni ma shi na ratso na zo. Ɗauko takalminka, ina jira.”

Bai ƙara ko kalma ba. Kunyar mutumin da ya haura saba'in yana tsaye a ƙofar gidana ta fi duk wata nasiha da aka taɓa yi mini. Tun daga ranar, a hunturu ina shafa man kaɗanya a ƙafa tun dare saboda faso, in sa takunkumi saboda ƙura. Idan hazon ya yi yawa ba ma gudu, tafiya kawai muke, don ƙurar nan na tayar wa Baba da tari.

A bazara kuwa, lokacin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga rashin wuta an kwana ana fifita, rage nisa muke yi mu dawo kafin rana ta ɗaga. Damina ba ta da wuya yanzu: idan titi ya zama taɓo, zaure ya ishe ni tsallen igiya da tashi-zauna.

Azumi ne na daɗe ban gano kansa ba. Na 2024 ya faɗo cikin Maris da Afrilu, tsakiyar zafi, kuma wanda ya ce zai yi sassarfa da safe da bakin azumi a irin wannan yanayi yana wasa da lafiyarsa ne. Sai muka mayar da tafiyar dare. In buɗa baki da dabino da kunun tsamiya, in bar tuwo sai an dawo, mu taka zuwa wani masallaci mai ɗan nisa mu yi asham, mu dawo a ƙafa. Tunda azumi na matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, tsarin ma sai an riƙa sake masa zama.

Na daina hawa sikeli kullum, yana karya mini gwiwa ne kawai. Kalandar da ke bangon shago nake yi wa alama da biro. Ranar da jiki ya ƙi, ina yi wa kaina alkawarin minti goma, kuma wannan ma ina sa mata alama. Maganina ban daina sha ba, likita ne dai ya ce awon ya yi kyau.

Watan nan gwiwar Baba ta matsa masa, ba ya iya zuwa Gadon Ƙaya. Duk da haka yana fitowa. Yana zama kan dakalin masallaci da carbinsa, in tafi in dawo in same shi, ya tambaye ni inda na juyo.