Gajiyar zaman shago da lafiyar zuciya

Aiki a sashen masu hawan jini da ciwon suga a wani asibiti a nan Kaduna ya koya mini cewa babu shawarar da ke saurin bin iska kamar "a riƙa motsa jiki". Mutum zai ce to, ya karɓi katinsa, ya tare Keke Napep daga bakin asibiti har ƙofar gida. In ka matsa masa, amsar kusan ɗaya ce: "Sista, ai ni wuni nake ina aiki." Kuma ba ƙarya ba ne. Tela a Kasuwar Barci, mai atamfa a Kasuwar Gumi, direban da ke jigila daga Kawo, duk a gajiye suke komawa gida. Sai dai gajiyar zama ce, ta baya da wuya da ido, zuciya kuwa ba ta sha wani aiki ba.

Direbobi na fi ba labarin binciken da Dokta Jeremy Morris ya fitar a 1953 a Landan. Ya kwatanta direbobin manyan bas masu bene da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma kwandasta na hawa da sauka yana karɓar kuɗi, direba na zaune, kuma ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Nan take sukan gane, don kowannensu ya san yadda yaron motarsa yake wuni a tsaye.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka kwana 2. Na daina faɗin wannan lissafi haka nan, don ba ya zama a kan kowa. Cewa nake rabin awa, kwana biyar, da saurin da za ka iya magana amma numfashi ba zai bar ka ka rera waƙa ba. Tun ƙa'idojin hukumar na 2020 ma ba a sharɗanta a yi shi a jere ba, ƙanana ma ana tara su.

Don haka yanzu tambaya nake fara yi: Alhaji, ina gida, ina shago, wane masallaci kake salla? Daga nan hanya ke fitowa. Wani ya sauka daga mota kafin tasharsa, wani ya ajiye mashin ya taka zuwa Azahar da La'asar. Masu zagaye Dandalin Murtala da asuba sun kyauta, amma mai zama a Rigasa ba sai ya kashe kuɗin mota ya je can ba.

Na mata ya fi ba ni wuya. Injin niƙa ya karɓe daka, shara da wanki sun koma hannun yara, Hajiya kuma ba ta son a gan ta tana zagaye unguwa. Da yawa a tsakar gida muke daidaitawa: zagaye na minti goma bayan tuwon dare, da tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba. Ga mai suga wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsoka in tana aiki tana zuƙe suga daga jini, shi ya sa tafiya bayan cin abinci ke rage hauhawarsa.

Abin da nake tsoro shi ne wanda awonsa ya fara sauka ya ajiye magani da kansa. Rage magani aikin likita ne. Mai allurar insulin ya riƙe dabino ko alewa a aljihu saboda faɗuwar suga, ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa kullum. Wanda ƙirji ya riƙe masa ko jiri ya ɗebe shi a hanya, ya tsaya, ya zo asibiti a ranar.