Abin da masu jifan softbol suka koya mini game da auna gwani

A sashen labarin wasanni babu tambayar da ta fi yawo kamar "wa ya fi?" Masu sauraro na son ta, mu ma muna son ta domin tana cika shiri. Amma wasan da ya fi koya mini yadda ake tunkarar wannan tambaya ba a ma yin sa a unguwarmu: softbol na mata, wanda zai koma gasar Olamfik a Los Angeles a 2028. Wannan komawar ce ta sa aka ɗora mini aikin haɗa rahoto kan gwanayen masu jifa.

Wasan ɗan'uwan besbol ne. Mai jifa tana juya hannu zagaye guda, ta saki ƙwallon daga ƙasa, daidai ƙugunta. Tsakaninta da mai bugu ƙafa 43 ne kacal, wajen mita 13, kafin ƙiftawar ido ƙwallon ya iso. Mai bugu ta kuskure sau uku, ta fita. Kusan rabon ƙungiya duka a hannun mace ɗaya yake.

Alƙaluma suna nan jibge. Monica Abbott ta ci wasa 189 a Jami'ar Tennessee, ta fitar da masu bugu 2,440. Jennie Finch ta Arizona ta ci wasa 60 a jere. Joan Joyce, wadda ta yi tashe da ƙungiyar Brakettes a Connecticut, ta ci 753, aka ci ta 42 kawai. Da na jera su a takarda ɗaya sai na ga ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba. A zamanin Joyce nisan jifa bai kai na yau ba, sandunan bugu ma ba irin na yanzu ba ne, kuma softbol bai shiga Olamfik ba sai a 1996, lokacin ta haura shekara hamsin. Ko saurin jifa ba ya zama wuri ɗaya: mil 77 a awa da Abbott ta kafa a 2012, Karlyn Pickens ta wuce shi a 2025. Tun daga nan ba na karanta wani adadi a iska sai na haɗa da shekararsa da dokar da aka yi wasan a ƙarƙashinta.

Akwai kuma abin da ke sosa mini rai. Duk inda aka ambaci Joyce, labarin farko shi ne yadda Ted Williams, gagarabadan besbol, ya kasa bugun ƙwallonta a wani wasan nuni a Waterbury a 1961. Finch ma haka, sai an kawo Albert Pujols, wani gwanin besbol da shi ma ya kasa bugun ƙwallonta. Gaskiya ne abin ya faru, kuma ya jawo wa wasan 'yan kallo. Amma waɗannan mazan sun saba da ƙwallon da ke zuwa daga sama, daga nisan sama da ƙafa 60, ba su taɓa atisayen wannan ba. Matan da suka yi shekaru suna nazarin hannun Joyce, su ma suka kasa, su ne shaidar da ta fi nauyi, su ne kuma ba a ambata.

Ni dai Yukiko Ueno ta Japan na sa a gaba, kuma ba don yawan adadi ba. A Beijin a 2008 kowa ya san an riga an cire softbol daga Olamfik na gaba, Amurka kuwa ta kwashe zinare uku da aka taɓa rabawa. Ranar 20 ga Agusta Ueno ta yi jifa zagaye tara da Amurka, aka ci ta 4 da 1. A ranar dai ta sake fitowa da Ostireliya, wasa ya ja har zagaye goma sha biyu, alhali bakwai ne ƙa'ida, Japan ta tsira da 4 da 3. Washegari, da wannan hannun da bai huta ba, ta tsaya gaban Amurka a wasan ƙarshe ta ci 3 da 1. Jifa 413 cikin kwana biyu. Babu wanda zai zarge ta da ta ce kafaɗa ta gaji bayan wasan farko. Ta san babu wata da za ta iya ɗaukar wannan kaya, sai ta ɗauka.

Ba cin wasa kaɗai ke yin gwarzo ba. Lisa Fernandez ta Amurka na da zinare uku, amma ranar da ake yawan tunawa da ita a Sidni a 2000 rana ce da ta fitar da 'yan Ostireliya 25 cikin zagaye goma sha uku, aka kuma ci ta. Haka yake a dambe: ba a yi wa mutum kirari don ya kayar da yara, sai an ji da wa ya kara, da yadda ya tsaya.

Shekara goma sha uku aka yi kafin wasan ya dawo. A tsakani, a 2019, ƙwallo ya karya wa Ueno muƙamuƙi. Duk da haka a Yokohama a Yulin 2021, tana da shekara 39, ita ta buɗe wasan ƙarshe, ita ta rufe, Japan ta ci 2 da 0. Wadda ta fara jifa a ɓangaren Amurka kuwa Cat Osterman ce, bahaguwar da aka ci a Beijin, wadda ta yi ritaya a 2015 sannan ta dawo fili don ta sake neman wannan zinaren. Ba ta samu ba. Amma duk wanda ya ba da labarin Ueno ya tsallake Osterman da Abbott, masu jifan Amurka da ta kara da su, ya rage wa Ueno ɗin kanta daraja, domin gwanaye irinsu ta kayar har sau biyu.