Darussa daga gwajin riƙon abin da ido ya gani

Duk wanda ya daɗe yana gwada yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abin da ido ya gani na ɗan lokaci, ya san ma'ajiyar nan ƙarama ce ƙwarai. Masu bincike Luck da Vogel sun nuna haka a 1997. A haska wa mutum murabba'ai masu launi daban-daban na milisakan 100 (milisakan 1000 ke yin sakan ɗaya), a bar allo wayam na milisakan 900, sannan a dawo da su a tambaye shi ko wani launi ya canza. Uku zuwa huɗu yake riƙewa, daga nan sai canki-canka.

Amma darasin da ya fi amfani shi ne, sau da yawa laifin raunin riƙo na mai gadin ƙofa ne, wato hankalin da ke tace abin da zai shiga ma'ajiyar. A 2005 Vogel, McCollough da Machizawa sun sa mutane su riƙe karkatar jajayen sanduna biyu, su yi watsi da shuɗaye biyu da ke gefensu, ana auna wutar ƙwaƙwalwarsu da na'urar EEG. Masu ƙarfin riƙo, ma'aunin ya nuna abu biyu suka ajiye. Masu rauni kuwa kusan huɗu: shuɗayen da aka ce a ƙyale sun kutsa sun cinye gurbi.

Kuma ba kowane mai ɗauke hankali ne ke ɓarna daidai da wani ba. Wanda ya yi kama da abin da ake riƙe da shi, a launi ko siffa, shi ya fi shigewa. Wani lokaci ma ba ya goge ajiyar, jan ta yake yi. A riƙe layi mai wata karkata, a gilma wani mai karkata kusa da tasa, sai amsar ta ɗan jirkice zuwa ga baƙon.

Wurare biyu gwajin ya fi lalacewa. Idan ba a hana mutum kiran launuka a zuci ba, "ja, kore, shuɗi", to mai yiwuwa kalmomi ake aunawa, shi ya sa ake sa shi ya yi ta maimaita lambobi biyu da baki. Idan kuma aka jefo mai ɗauke hankalin da wuri, kafin ajiya ta kammala (kusan milisakan 50 kowane abu ke ci), shigar aka toshe, riƙon bai ma fara ba.

Lissafin yawan abin da mutum ya riƙe ba wuya: adadin abubuwan da aka nuna, sau bambancin da ke tsakanin gano canji na gaskiya da cewa an canza alhali ba a canza ba. Abu 6, da 0.7 na gano canjin gaskiya da 0.2 na kuskuren cewa an canza, sun ba da 3.