Hunturun Winnipeg a Cikin Ɗaki: Aikin Hannu na Yara da Girkin da Ya Dace da Sanyi

Baƙon da ya sauka Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a Kanada, cikin watan Satumba, zai iya ɗauka zuzuta sanyin garin ake yi. Ya jira Disamba. A lokacin rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas na safe, magariba kuwa wajen huɗu da rabi ake yinta. A Janairu ma'auni kan sauka maki 20 ƙasa da sifili, wani zubin har ya wuce 30. Wata huɗu zuwa biyar iyali na tsare a ɗaki. Babu tsakar gida, babu gidan maƙwabta da yaro zai ruga, babu mai ƙosai a bakin layi. In ba a nemo wa yara abin yi ba, waya ce za ta raine su.

Abu biyu ne ke lalata wa sabon zuwa aiki a wannan yanayi: sanyin waje, da bushewar iskar cikin gida saboda hita da ke aiki dare da rana. Ƙullun da ya ƙi tashi, kwaɓin da ya tsattsage, duk daga nan suke.

Amma kafin komai, maganar gawayi. Al'adar shiga da kaskon garwashi ɗaki lokacin hunturu a bar ta a gida. Gidajen nan a liƙe suke ruf, ko'ina an toshe, kuma garwashi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci take kashe shi. Haka barin murhun gas ko obin a buɗe wai don ɗaki ya yi ɗumi. Turaren wuta ma a yi shi da kaskon lantarki, kaɗan, nesa da na'urar gano hayaƙi da ke manne a rufi. Kada a cire mata batir don ta yi kuka. Kukan shi ne aikinta.

Aikin hannu na farko da ya kamata a fara da shi shi ne wanda gida zai amfana: matoshin ƙasan ƙofa. A kanga bayan hannu a ƙasan ƙofar waje, in an ji iska na shigowa, to a nemo tsohon wando mai kauri a yanke ƙafa ɗaya. Yawancin ƙofofin nan faɗinsu santimita 81 ne ko 91, don haka a auna, a ƙara santimita biyar. A ɗinke baki ɗaya, yara su cusa tsummoki, a zuba yashi busasshe ko tsakuwa ƙanana a leda a saka tsakani don ya yi nauyi, a ɗinke ɗayan. Da yawa shinkafa suke zubawa, kuma kuskure ne a ƙofar waje: dusar ƙanƙarar da ke narkewa daga takalma za ta jiƙa ta, ta yi funfuna, ɓeraye kuma su samu na kalaci. Masu zama a dogon bene su lura, a gine-gine da yawa ratar da ke ƙasan ƙofar da ke fita zuwa barandar cikin ginin da gangan aka bar ta, ta nan sabuwar iska ke shigowa. A tambayi mai kula da ginin tukuna.

Inda shinkafa ke da amfani shi ne safar ɗumama jiki. Safa ɗaya ta auduga zalla, kofi biyu na ɗanyar shinkafa, kanumfari biyar ko shida don ƙamshi, a ɗaure bakin tamau. (Kofi a nan mililita 250 ne, babban cokali 15, cokalin shayi 5, kuma da su za a auna duk abin da ke tafe.) A saka a na'urar ɗumama abinci minti ɗaya, a girgiza, a taɓa da cikin wuyan hannu. In bai yi ba a ƙara daƙiƙa 20. Girgizawar wajibi ce, domin na'urar ba ta raba zafi daidai, wani gefe na iya zama ɗumi-ɗumi wani kuma ya ƙona fata. Safar roba narkewa take, mai zaren ƙyalƙyali kuma tartsatsi take yi. Ba a sa wa jariri, ba a kwana da ita cikin bargo, kuma mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta jin zafi sosai ya ƙyale ta.

Ga ƙananan yara babu kamar kwaɓin wasa, wanda ake saya da tsada a kanti alhali kayansa na kicin. Kofi ɗaya na fulawa, rabin kofi na gishiri mai laushi, babban cokali ɗaya na man girki, babban cokali biyu na ruwan lemun tsami ko ruwan khal, sai ruwa kofi ɗaya ba kaɗan. A ɗiga kalar abinci cikin ruwan kafin a haɗa, in ba haka ba zane-zane zai yi. A juye a tukunya a kan wuta kaɗan, a yi ta tuƙawa minti uku zuwa biyar har ya haɗe ya saki gefen tukunya. A sauke, ya sha iska, a murza. In yana liƙe wa hannu bai dahu ba, a mayar da shi minti ɗaya. In yana tsagewa wuta ta yi yawa, a shafa mai a tafin hannu a ci gaba da murzawa. Tsamin ne ke sa shi danƙo da laushi, gishirin kuma ke hana shi ruɓa. Da an gama wasa a rufe shi a roba mai murfi, domin a iskar hita awa biyu ta isa ya yi ɓawo. Gishirinsa ya yi yawa ga ciki, a sa ido kan mai rarrafe.

Akwai ɗan'uwansa da ake gasawa ya taurare: fulawa kofi biyu, gishiri kofi ɗaya, ruwa kusan kofi ɗaya, babu mai, babu dafawa. A murza minti goma, a shimfiɗa kaurin rabin santimita, a yanka da bakin kofi, a huda da tsinke inda zare zai shiga. Lambobin obin na nan da ma'aunin Faranhait suke, wannan ya rikita mutane da yawa. A sa shi a 200, wanda bai kai maki 100 ba a ma'aunin da muka saba, a bar shi awa uku ana juyawa. In wuta ta fi haka, sama zai bushe kafin ciki, tururi ya kumbura shi ya fashe. Fulawa mai haɗe da sinadarin tashi ma haka take yi. Bayan ya huce yara su zana dagin arewa ko sunayensu da ajami, su shafa fenti. Yaron da aka haifa a nan, wata ƙila a kan wannan kwaɓin zai fara ganin dagi.

Wani aikin kuma sanyin ne zai yi shi kyauta: fitilar ƙanƙara. A samu robar lita biyu da wani kofin roba ƙarami. A zuba ruwa santimita uku a babbar, a ajiye a waje ya daskare, shi ne gindi. Sannan a ɗora ƙaramin kofin a tsakiya, a cika shi da duwatsu don kada ya taso, a zuba ruwa a kewaye. Kada a cika fal, ruwa na ƙaruwa da kusan kashi tara cikin ɗari idan ya daskare, shi ya sa ba a amfani da kwalba. Kwana ɗaya a waje ya isa. Wajen cirewa ruwa mai ɗumi ake zubawa, tafasasshe tsaga ƙanƙarar yake yi nan take. Ruwan zoɓo kaɗan na ba ta ja mai kyau. A saka 'yar fitilar batir a ramin, a ajiye a bakin ƙofa. A ɗauke ta da safar hannu, jiƙaƙƙen yatsa liƙewa yake.

To, sai ciki.

Masa ita ce ta fi ba wa matan da suka zo nan haushi, kuma laifin ba na hannunsu ba ne. Da farko shinkafa: doguwar nan da aka turara kafin a sarrafa ta ba ta masa, ba ta tuwo. A nemi fara ɗanya mai gajeren ƙwaya, irin Calrose, tana nan a manyan kantuna da shagunan 'yan Asiya. A jiƙa kofi biyu awa shida zuwa takwas. A niƙa a bilenda da rabin kofi na dafaffiyar shinkafa, rabin albasa, da ruwa kaɗan, ƙullun ya zama mai zubowa daga ludayi amma ba tsararo ba. A jiƙa yis cokalin shayi ɗaya da suga babban cokali biyu a ruwa mai ɗumin jiki, a jira minti goma. In bai yi kumfa ba yis ɗin ya mutu, kada a ɓata ƙullu da shi. Ruwan da hannu ba zai iya zama ciki ba kashe yis yake yi.

Wurin tashi shi ne matsalar. Ƙullun da zai kumbura cikin awa uku ko huɗu a zafin Kano, a kicin mai maki 19 ko 20 sai ya wuni yana kallon mutum. Dabarar ita ce a rufe kwanon, a saka a obin a kashe, a kunna ƙwan fitilar cikinsa kawai. Ɗumin ƙwan ya wadatar, cikin awa huɗu zuwa shida zai tashi. A manna takarda a jikin obin ɗin don kada wani ya zo ya kunna. Ɗora kwano a kan ramin da iskar hita ke fitowa kuwa dafa gindin yake yi ya busar da saman. Gishiri da ɗan bakin foda sai dab da suya. Tanda kuma ba sai an yi oda daga gida ba: mutanen kudancin Indiya na da kasko mai ramuka da suke suyar wani ƙullun shinkafa nasu, ana samunsa a shagunansu. Ramukan sun fi namu ƙanƙanta, masar za ta fito 'yan mitsi-mitsi. A zaɓi mai shafaffen gindi, saboda murhun lantarki ba ya ɗumama abin da bai taɓa ba.

Miyar taushe ba ta da wahala a nan, kabewa ta yi yawa daga Oktoba. Wadda suke kira butternut, mai dogon wuya, ta fi manyan nan na ado nama da zaƙi. Rabin guda ya ishi mutum shida. Alayyafo daskararre na yi, amma a narkar a matse shi tukuna, in ba haka ba miya ta tsinke. Ruwan tsamiya kaɗan ya tsaya a madadin yakuwa.

Niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba tana yin taushe tana yin kunu, da sharaɗin a duba bayan kwalbar a ga gyaɗa kaɗai aka rubuta. Yawancinsu da suga da gishiri da mai a ciki. Ga kunu: babban cokali huɗu a dama a lita ɗaya ta ruwa, a tafasa minti biyar ana juyawa a tsaye a kai, domin yana da saurin bori. A dama garin shinkafa babban cokali huɗu da ruwan sanyi, a zuba a hankali ana gauraya, a bar shi minti biyar ya dahu. A sauke kafin a zuba ruwan tsamiya da suga, tsami a kan wuta na sa shi kartsewa. Wannan kunun zai yi duhu da ƙamshin suya, tun da soyayyiyar gyaɗa ce. Mai son fari tas ya sayi ɗanyar gyaɗa ya jiƙa, ya niƙa, ya tace. Abu ɗaya: kada a zuba wa yaro a gora ya tafi da shi makaranta. Makarantu da yawa a nan sun hana shiga da duk abin da ke da gyaɗa, saboda akwai yaran da ɗan kaɗan ke iya toshe musu numfashi.

Daga wajen mutanen ƙasar, abin da ya cancanci koyo shi ne alewar kan dusar ƙanƙara, ta Faransawan Kanada. Ana yinta da ruwan zaƙin itacen mafil, wanda mafi yawansa a duniya daga lardin Kebek yake fitowa, kuma sai an dafe kusan lita 40 na ruwan itacen ake samun lita ɗaya. A Winnipeg ana ganinta a bikin Festival du Voyageur da ake yi duk Fabrairu a unguwar Saint-Boniface tun 1970. A gida, kofi ɗaya na ainihin ruwan mafil ake buƙata. Mai arahar nan da ake zubawa a kan fanke ruwan suga ne da ƙamshi, ba shi ake nufi ba. A zuba a tukunya mai zurfi don yana tasowa sosai, a shafa ɗan bota a bakinta, a tafasa ba juyawa har ya kai maki 112 zuwa 115 a ma'aunin da muka saba. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗiga a ruwan sanyi kamar yadda masu alewa ke gwadawa, in ɗigon ya dunƙule da laushi ya yi. Kafin nan yara sun ɗebo sabuwar dusa mai tsabta daga inda ba a taka ba, nesa da titi da gishirin da ake watsawa, sun danne ta a faranti. Babba ne zai zuba, layi-layi, yara na nesa, domin ƙunar suga ta fi ta ruwa muni. A jira rabin minti, kowa ya naɗe nasa da ɗan itace. In ya nutse cikin dusar bai dahu ba, a mayar wuta. In ya taurare yana karyewa ya zarce, a zuba ruwa babban cokali biyu a tukunyar a sake tafasawa.