Yadda nake bin zuciyar Akilis a waƙar Homa

Idan zan karanta Iliyad, tsohuwar waƙar Girkawa ta mawaƙi Homa a kan yaƙin birnin Taroy, da idon ilimin halayyar ɗan Adam, takarda nake fara ja wa layi gida huɗu: abin da ya faru, abin da mutum ya faɗa, abin da jikinsa ya yi, sai wanda aka ɗora wa alhakin. Waƙar babi 24 ce, baitocinta sun haura 15,000, ba a iya bin kowa da kowa. Akilis, babban jarumin Girkawa, nake bi, a babi na 1, 9, 16, 18, 19, 22 da 24.

Kafin in cika gidan farko ma sai na yi tankaɗe. Waƙar baka ce, cike take da kirarin da ake maimaitawa don daidaita kari. Ana kiran Akilis mai saurin ƙafa ko da yana zaune. Masanin adabin Girka Milman Parry ne ya fito da wannan fili, ya kuma je Yugosilabiya tsakanin 1933 da 1935 ya naɗi mawaƙan baka don ya gwada. Wanda bai tankaɗe ba zai ɗauki kirari a matsayin hali. Ina ajiye duk abin da ya cika maimaituwa, sai in ya faɗo a wurin da yake da zafi. A babi na 24 tsoho Firiyam, sarkin Taroy, ya sumbaci hannuwan Akilis, aka kira su masu kashe maza, su ne kuwa suka kashe 'ya'yansa. Wannan kam yana shiga takarda.

Gida na huɗu, na alhaki, shi ne mai wahalar. A babi na 1 Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, ya ce zai ƙwace Birisayis, matar da Akilis ya samu ganima, Akilis ya fara zare takobi, sai allahiya Atina ta zo ta bayansa ta damƙi gashinsa, shi kaɗai kuma yake ganinta. Irin wannan ne ya sa masanin halayyar ɗan Adam Julian Jaynes a 1976 ya ce mutanen lokacin ba su da tunanin kai irin namu, muryoyi suke ji su bi. Wani masanin adabin Girka, Bruno Snell, ya riga shi a 1946 da cewa mutumin Homa bai san kansa a dunƙule ba. Ni takardata ba ta goyi bayansu ba. Tun kafin Atina ta iso, an ce zuciyar Akilis ta rabu biyu, ya kashe ko ya danne. Da ta zo kuma lallashinsa ta yi, shi ya amsa. A babi na 22 Hekta ɗan Firiyam, jarumin Taroy, yana tsaye shi kaɗai a ƙofar gari yana jiran Akilis, yana saƙa da warwara: ya koma ciki a yi masa gori, ko ya ajiye makami ya miƙa Helen, matar da ake yaƙin a kanta, ko ya tsaya. Babu wanda ya raɗa masa komai.

Babi na 19 ya fi daɗin aiki. Agamemnon ya ce ƙwace Birisayis ba laifinsa ba ne, Ziyus shugaban allolinsu ne da ƙaddara suka rufe masa ido, amma nan take ya ce zai biya. Masani E. R. Dodds ya yi dogon bayani a kai a 1951. Kamar dai wanda zai ce sharrin Shaiɗan ne, ya kuma ciro kuɗi ya biya ɓarnar. Don haka a wannan gidan suna biyu nake rubutawa, Ziyus da Agamemnon.

Gida na uku kuwa, na jiki, Jonathan Shay ne ya koya mini cika shi. Likitan ƙwaƙwalwa ne da ya yi aiki da tsofaffin sojojin Amurka na yaƙin Biyetnam, littafinsa ya fito a 1994. Jerin da ya nuna shi ne shugaba ya ci amana, soja ya janye daga jama'a, amininsa ya mutu, sannan ya haukace a fagen fama. Da labarin mutuwar amininsa Faturokulos ya iso, Akilis ya ɗebi toka da hannu biyu ya zuba a kai, Antilokos da ya kawo labarin ya riƙe masa hannuwa don tsoron kada ya yanka kansa. Ya ƙi abinci. A babi na 24 barci ya gagare shi, ya kwanta ta gefe, ya yi rigingine, ya yi rubda ciki, ya tashi yana yawo a bakin teku. Amma ba na laƙaba masa sunan cuta. Kukan maza a bainar jama'a ba alamar ciwo ba ne a wurinsu, kuma Akilis ba majinyaci ba ne da za a yi wa tambaya.

Shi kansa Homa ba na ja masa layi. Ana ganin an tsara waƙoƙin biyu da ake danganta masa, Iliyad da Odisi, a ƙarni na 8 ko na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, har yau kuma ana jayayya ko mutum ɗaya ne ya tsara su. Masu cewa makaho ne sukan jingina da makahon mawaƙi Demodokos na babi na 8 a Odisi. Marubuci Samuel Butler a 1897 ya bi irin wannan hanya ta ciro marubuci daga cikin waƙa, har ya kai ga cewa wata budurwa ce a Sisili ta tsara Odisi.